Tagar Baba da Ke Rufe Kanta

Zuwa ga Goggo Ƙarama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigidanki da jaririn da har yanzu a hoto kawai muka san shi. Mu nan kowa lafiya, Baba lafiya, Umma lafiya.

Ni ce Shiru, 'yar yayanki mai zanen gini, ɗan baffanki. Ban sani ba ko za ki tuna ni. Ranar da kika zo yi mana sallama za ki tafi karatu, ni ce na ɓuya bayan labule har kika fita. Yanzu ina ajin ƙarshe a sakandare, amma sunan bai sake ni ba. A wayar Umma na ga adireshin imel ɗinki. Da kiran ki zan yi, to muryata gudu take yi a waya, kuma gidanmu in ka yi tari a kicin ana ji a ɗakin Baba. Shi bai san na rubuto ba.

Ga abin da ya kawo ni. Tun bayan aikin da likitoci suka yi wa Baba a gadon baya, daga gida yake aiki. Ofishinsu ya ba shi laftof da wani babban allo da ake jona mata. Zanen ba a cikin laftof ɗin yake ba. Mai kula da na'urorin ofis ya ce Baba yana da wata kwamfuta da ba ta da jiki, tana zaune cikin babbar na'ura a ofis tare da na abokan aikinsa, shi kuma yana leƙa ta ne ta wata manhaja, kamar mai leƙe ta taga. Na so wannan magana. Na yi ta juya ta a aji: abu yana can nesa, kana ganinsa, kana taɓa shi, ba ka taɓa zuwa inda yake ba. A littattafan da nake karantawa haka ake soyayya. Ki yi haƙuri, na kauce.

Tagar ce take rufe kanta. Baba yana tsakiyar jan layi sai ta ɓace, ko sallama babu. Ofis kuma sun tsara cewa da zarar ta yanke, kwamfutar can ta fitar da shi, duk abin da bai adana ba ya tafi, sai ya kira mai kula da na'urori ya sake buɗe masa. Jiya bangon hawa na biyu gaba ɗaya ya tafi, na makarantar da yake zanawa. Bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya ce, "Shiru, ba ni ruwa." Na kawo, bai sha ba.

Abin da ya fi damuna, shi kaɗai abin yake samu, alhali duk ofis manhaja ɗaya suke amfani da ita. Na ji manaja a waya yana cewa, "Malam, yaran nan ba sa kuka da ita. Ko dai hannu ne bai saba ba?" Baban da ya koya wa manajan riƙon rula.

Umma ta ce irin aikinki ke nan. In kin samu sarari ki duba mana.

'Yarki,
Shiru

Shiru 'yata,

Wa alaikumus salam. Na tuna ki sarai, ƙafafunki ne suka tona miki asiri a ƙarƙashin labulen. Mu ma lafiya. Jariri ya fara rarrafe, kuma ba abin da yake so a duniya irin wayoyin da ke bayan teburina. Na ji daɗi da Yaya ya warke. Kada ki gaya masa na sani, na san halinsa. Tun muna yara ko ƙaya ta soke shi sai ya ce takalmi yake gyarawa.

Na san manhajar. Ta kowa ce, masu sa kai ne suke rubuta ta, ni ma na taɓa sa hannu a ciki. Abu uku nake so. Na farko, in ta faɗi ki duba wayarki ki ga ko intanet ne ya ɗauke. Na biyu, duk lokacin da ta faɗi takan bar ɗan rahoto a laftof, na turo miki hoton inda za ki same shi, ki kwafo min. Na uku, ki lura da abin da Yaya yake yi daidai lokacin da ta ɓace. Kada ki canza komai a saitin laftof ɗin, ta ofis ce, za su gani.

Kafin nan ki san dabarar da za ki sa shi ya riƙa adana aiki a kai a kai. Mutanen takarda da fensir ba sa tunawa, don takarda ba ta taɓa guje musu ba.

Wane littafi kike karantawa yanzu? In akwai attajiri mai ɗaure fuska a ciki, na karanta kakansa.

Goggonki

Goggo,

Ina kwananku, ya ɗan rarrafe? Nan lafiya lau.

Na yi duka ukun. Ba intanet ba ne, don sau biyu ta faɗi ina tsakiyar sauke littafi a waya, bai ko yi tuntuɓe ba. Rahotannin suna maƙale da wasiƙar nan, na kwafo su Baba yana wanka. Abin da yake yi kuwa ba ɗaya ba ne. Wani lokaci ya buɗe akwatin zaɓen kaurin layi, wani lokaci yana son ganin yadda zanen zai fito a takarda, sau ɗaya kuma bai taɓa komai ba, shayi yake kurɓa.

Na liƙa masa takarda a gefen laftof na rubuta "adana". Ya kalle ta ya ce, "Yau kuma ke ce manajan?" Amma bai cire ba.

Mai kula da na'urori ya sake girka manhajar daga can, bai hana ba. Ni nake ɗaukar wayarsa in hannun Baba yana kan aiki. Muryarsa a sanyaye take, irin ta wanda aka yi wa laifi ya yafe. A raina na riga na ba shi dogon wuya da tabo a gira, sai Umma ta ce ta taɓa ganinsa, jikokinsa uku.

Ga maganar da ba ta da daɗi. Manaja ya ce in zanen makarantar bai iso ƙarshen wata ba zai ba wani, sannan a zauna a duba ko aikin gida ya dace da Baba. Umma ta ce in ofis suka ce za su zauna su duba, sun riga sun duba. Baba ya ce mata, "Ke dai ki yi girkinki." Ta ce, "Da me zan yi girkin in sun duba?"

Ee, akwai attajiri. Bai yi murmushi ba tukuna.

Shiru

Shiru,

Muna lafiya. Na haɗa irin kayanku a wurina, manhaja ɗaya, allo biyu, na yi duk abin da kika lissafa. Ta ƙi faɗuwa. Kin tabbata ba abin da kika tsallake? Zan sake rubutowa.

Goggo

Goggo,

Ina fatan kuna lafiya. Mu ma haka.

Na jira, kwanaki sun tafi, wata ya raba tsakiya. Na karanta gajeriyar wasiƙarki har na haddace ta. Na gane kina ganin ƙari nake yi, tunda na gaya miki ina karanta littattafai kuma na yi wa bawan Allah tabo a gira. Ko kuma ke ma kina ganin hannun Baba ne, kunya ta hana ki faɗa. Wallahi ban ƙirƙira ba. Shekaranjiya matakalar bene ta tafi, sai dai ya adana rabinta saboda takardata.

In na takura miki ne ki yafe min. Ba sai kin amsa ba.

Shiru

Shiru 'yar Yaya,

Kai, wannan attajirin ya ɓata ki. Mutum ya yi shiru kwana kaɗan sai ki rubuta masa babin rabuwa. Jariri ne ya yi zazzaɓi muka yi zaman asibiti, waccan wasiƙar ma a tsaye na rubuta ta da hannu ɗaya. Ya samu sauƙi, ya koma cin wayoyi. Ki yi haƙuri da na bar ki cikin zullumi.

Na yarda da ke ɗari bisa ɗari, rahotannin ma sun shaida. Kuma ba hannun Yaya ba ne. Manhajar da ta faɗi saboda an danna wani abu, laifinta ne, ba na mai dannawa ba. A aikinmu in na ce ta ƙi faɗuwa a wurina, kuka nake yi da kaina, don abin da ban iya sa shi ya lalace a gabana ba, ba zan iya gyara shi ba.

Rahoton ɗan rowa ne. Abin da ya ce kawai, manhajar ta miƙa hannu za ta ɗauki wani abu da ita da kanta ta riga ta zubar. Bai faɗi mene ne ba. Ke nan akwai abin da ke faruwa a ɗakinku da ba ya faruwa a nawa, kuma kafin faɗuwar yake faruwa, wataƙila da daɗewa.

To ga aikinki. Ki manta da kwamfuta. Ki ba ni labarin yinin Yaya daga safe zuwa tashi, yadda ake yi a littattafanki, inda sai an faɗi launin labule kafin yarinya ta ce uffan. Wa ya shigo, me aka ɗaga, me aka ajiye. Kada ki zaɓa min abin da kike ganin yana da amfani.

Goggonki

Goggo,

Sannu da jinya, Allah ya ƙara masa lafiya. Na ji kunya ƙwarai, ki share waccan wasiƙar.

Na daɗe ina kallon wurin da zan rubuta "nan kowa lafiya". Yau ba zan rubuta ba, za ki ga dalili.

Labulen ruwan ƙasa ne. Teburin yana jikin taga, babban allo a kansa, laftof a hagu, gwangwanin fensiran da ba ya amfani da su a dama, amma kullum sai ya fiƙe su. Gado yana bayan kujera. Da safe Baba yakan sa riga mai guga da agogo kamar mai fita, ya zauna, ya buɗe tagar, zanen ya bazu a alluna biyu. A lokacin yana da kyau, Goggo. Yakan ɗan karkata kai yana magana da layukan ƙasa-ƙasa.

Ba ya daɗewa. Da farko zai fara gyara zama. Sai ya dafe gefen tebur. Sai gumi ya fito masa a saman leɓe ko da fanka tana juyawa. Ni ina tabarmar bakin ƙofa da littafina, yanzu muna hutu, ina karanta layi ɗaya sau biyar ina jira. Can sai ya ce, "Shiru, zo ki kai min ofis gado." Sai in zare wayar babban allon daga laftof, in ɗora laftof ɗin a kan faranti, in jera masa filo biyu, in riƙe hannunsa ya kwanta. Haka yake ci gaba, laftof a ƙirji, hancinsa kusan yana taɓa ƙaramin allon don idonsa ba ya gani sosai. In ciwon bayan ya lafa sai mu mayar da ofis tebur, in sake jona wayar. Muna yin haka sau da yawa a yini. In manaja zai kira ta bidiyo, ko yana tsakiyar ciwo sai ya koma kujera ya gyara wuyan riga.

Ba ta faɗuwa lokacin da na zare wayar, shi ya sa ban kawo komai a raina ba. Sai an jima, wani lokaci har ya manta. Amma duk faɗuwar da na gani a gado ne. Na ɗauka hannunsa ne yake kuskure saboda kwanciya, shi ya sa na ji tsoron faɗa.

Baba bai warke ba. Ya gaya wa ofis matakala ce kawai likita ya hana shi hawa. Ranar da aka sallamo shi ya tara mu ni da Umma ya ce, "Maganar bayana ba ta wuce ƙofar nan. Ba 'yan'uwa, ba ofis. Mai zane da ba ya iya zama, sunansa tsohon ma'aikaci." Ban taɓa tsallake maganarsa ba sai yau. Don Allah in ba ta da amfani ki yi kamar ba ki karanta ba.

Shiru

Shiru,

Lafiyarmu ƙalau. Na karanta wasiƙarki na zauna na yi kukana, sannan na tashi na zare wayar allo.

Na jira kaɗan, na buɗe akwatin kaurin layi. Ta faɗi. Na sake, ta sake. Maigidana ya leƙo ya ce bai taɓa ganin mai murna don abu ya lalace ba.

Ga abin da ke faruwa. In kin zare wayar, manhajar da ke laftof takan zubar da allo na biyu, amma ta manta ta sanar da kwamfutar ofis. Ita can tana nan tana zaton alluna biyu ne. Duk sanda ta aiko da wani abu da za a nuna a babban allon, ko akwatin da Yaya ya saba buɗewa a can, ko ɗan saƙon da ya faɗo da kansa yana shan shayi, sai manhajar ta nemi allon ta rasa, ta kife. Abokan aikinsa ba sa zare waya suna tsakiyar aiki, shi ya sa ba su taɓa gani ba.

Na yi mata faci, layuka kaɗan ne, na tura wa masu kula da ita. Ban ambaci kowa ba. Amma kafin su karɓa su fitar, ofis kuma su girka, wata ya ƙare. Don haka maganin yanzu: kada a zare wayar tagar tana buɗe. Ko ya adana, ya rufe, a zare, ya sake shiga, ko ku san yadda za ku yi wayar ta zauna a jone.

Wannan ba zai yiwu a ɓoye ba. Ki kai masa wasiƙar nan ya karanta daga nan zuwa ƙasa.

Yaya, ni ce. Ina gaishe ka, ya jiki? Hannunka lafiya lau, manhajar ce mai laifi, kuma da ba don 'yarka ba da har yanzu ina lalube. Ni na matsa mata. In faɗa ne ka yi da ni, ka san lambata, ka daɗe ba ka yi min ba har na fara kewa.

Ƙanwarka

Goggo,

Ina gaishe ku duka. Umma lafiya, ni ma. Baba da sauƙi wata rana, wata rana babu.

Na kai masa. Na miƙa masa wayata na tsaya jikin ƙofa yadda zan samu hanyar gudu. Bai tsaya inda kika ce ba, ya ja sama ya karanta har tawa. Ya ajiye ya ce, "Har launin labule." Daga nan bai sake yi min magana ba ranar. Da ciwon ya taso bai kira ni ba, ya zauna a kujera yana gumi har Umma ta shigo ta gan shi.

Ita ce ta warware. Ta ce, "Wai duk wannan a kan waya ɗaya ne? In ofis ba zai je gado ba tare da an cire masa jijiya ba, a kai shi gaba ɗaya mana." Ta jawo teburin gugarta, mai ƙafar da ake ɗagawa a sauke, ta kafa shi gefen gado, muka ɗora babban allon a kai, ta tokare shi da kundin girkinta ya ɗan sunkuyo. Baba ya ce, "Ni za a mayar majinyaci?" Ta ce, "Da can ɗan ƙwallo ne kai?" Ya kusa dariya, ciwon baya ya hana shi.

Tun ranar ba a zare wayar ba, tagar kuma ba ta rufe ba ko sau ɗaya. Yana gani da kyau, ba ya ɓata lokaci wajen ƙaura. Zanen ya tafi ana jibi wata zai ƙare. Mai kula da na'urori ya kira da kansa ya ce shirun ya yi yawa, ko lafiya?

Jiya manaja ya ce zai kira ta bidiyo. Na zo zan taimaka wa Baba ya koma kujera, sai muka kalli allon a kan teburin guga, muka kalli wayar. In an koma tebur sai an kwashe komai. Sai ya ce, "Bar shi. Gyara min filo." Ya amsa a kwance, da rigarsa mai guga.

Ina bakin ƙofa na ji komai. Manaja ya ce, "Malam, lafiya na gan ka haka?" Baba ya ce, "Haka na zana makarantar. Ba na iya dogon zama, kuma ban san ranar da zan iya ba. Da na ce maka matakala ce kawai, ban cika maka gaskiya ba. Ka duba zanen, in ka ga layin da ya kwanta ka gaya min." Manaja ya ce ya duba, ba gyara. Ya ce zuwa wurin gini dai dole a ba wani, kuma za a rage wa Baba wani abu saboda haka, amma zane nasa ne. Ya ce akwai ɗakin shan magani da za a fara, zai turo.

Da aka gama kiran, Baba ya kalli silin ya daɗe. Na ɗauka faɗan da na ci bashi ne zai sauka. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ke da ba kya iya gaida baƙo, ashe a takarda ba kya tsayawa." Na ce ya yi haƙuri. Ya ce, "Ki gaya wa goggonki ta iya aikinta. Kuma Jumma'a zan kira ta, ta tanadi kunne."

Umma tana guga a ƙasa kan bargo tana mita, ta ce ofis su biya ta hayar tebur. Zan tsaya nan, saƙon sabon aikin ya shigo kuma Baba yana neman tabaraunsa, yana kwance a kai.

'Yarki,
Shiru